Abdu Mumuni Joffo (1929–1991): yaron Tasawa da ya zaɓi kimiyya

Tun daga shekarar 1992, babu takardar shaidar karatu da ta fito daga jami'ar Yamai face tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni. Yawan faɗar sunan ya mayar da shi tamkar sunan wuri, har ɗalibi yakan ce ya samu gurbi a Abdu Mumuni kamar yadda zai ce ya sauka a Harobanda. Mai sunan kuwa, Abdu Mumuni Joffo, wanda ake rubutawa Abdou Moumouni Dioffo a ƙa'idar Faransanci, malamin kimiyyar fizik ne, masanin makamashin rana, kuma mawallafin ɗaya daga cikin manyan littattafan da ƴan Afirka suka yi a kan tarbiyya da makaranta a farkon zamanin ƴancin kai.

Rayuwarsa tana taɓo wata tambaya da ke dawowa duk shekara idan an kafe sakamakon jarrabawar bak: me ya sa azuzuwan adabi suke cika maƙil, ajin lissafi da kimiyya kuwa sai ƴan tsiraru? Amsar da aka saba bayarwa ita ce baiwa, wato wai wasu an haife su da kan lissafi, wasu kuma ba a ba su ba. Tarihin Abdu Mumuni yana nuna cewa baiwa ita kaɗai ba ta kai yaro ɗakin gwaje-gwaje. Sai an buɗe masa ƙofa, sai ya yarda da kansa, sai ya ga amfanin abin ga mutanensa, kuma sai ilimin ya zo masa cikin harshen da zai iya yin tunani da shi. Waɗannan abubuwa huɗu su ne suka yi ta juyawa a rayuwar wannan bawan Allah daga ƙuruciya har zuwa rasuwa.

Haihuwa da zamanin da ya tarar

An haife shi ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1929 a Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram. Asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara, kudu da Yamai, cikin ƙasar Zabarmawa. Ke nan tun daga haihuwa ya tsinci kansa tsakanin duniya biyu ta ƙasa guda: jinin yamma, cibiya kuma a ƙasar Hausa. Ya yi karatun firamare a Damagaram, sannan ya ci gaba a Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga hannun Damagaram a 1926.

Nijar ta wancan lokaci sabuwar mallakar Faransa ce, domin a 1922 ne aka ba ta matsayin koloni. Makarantun boko ƴan ƙalilan ne, kuma iyaye da yawa suna ɓoye ƴaƴansu idan an zo ɗibar yara zuwa lakwal. Ya isa misali a tuna cewa a shekarar da aka haifi Abdu Mumuni ne Bubu Hama ya fito a matsayin ɗan Nijar na farko da ya zama malamin makaranta mai takardar shaida. Ko a ranar 3 ga watan Agusta na 1960, da ƙasar ta samu ƴancin kai, yaran da ke zuwa makaranta ba su kai kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba. Don haka zama a kan bencin aji kawai, a shekarun 1930, sa'a ce da dubban tsararrakinsa ba su samu ba, cikinsu har da waɗanda watakila ba su gaza shi kaifin ƙwaƙwalwa ba.

Makarantar da ya shiga ba a gina ta don ta fitar da masana ba. Gwamnatin mulkin mallaka tana buƙatar tafintoci, magatakarda, ma'aikatan gidan waya, mataimakan likita da malaman ƙananan azuzuwa. Manhajar ta tsaya a kan Faransanci, ɗan lissafin da zai isa a riƙe littafin haraji, da aikin gonar makaranta. An haramta harsunan gida a cikin aji, kuma a makarantu da dama akwai wani abin kunyatarwa da ake kira sambol, wanda ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Darasin da yaro yake ɗauka daga irin wannan tsari ya wuce na nahawu. Yana koyon cewa duk abin da ake faɗa da Hausa ko Zabarmanci hira ce, ilimi kuwa da Faransanci yake magana.

Ponti da ƙofar da ta buɗe

A tsakiyar shekarun 1940 ya samu shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan a ƙasar Sanagal. Wannan ita ce ƙololuwar karatun da ɗan Afirka ta Yamma ta Faransa zai iya hange a lokacin. Daga cikinta Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka fito, haka ma Modibo Kaita na Mali. Amma duk darajarta, takardar shaidarta ba ta daidaita da bak ta Faransa ba, kuma ba ta kai mai ita jami'a. Wanda ya gama Ponti ya riga ya san inda zai ƙare: aji, ko ofishin kumandan, ko makarantar mataimakan likitoci ta Dakar. Iyaye ma abin da suke jira ke nan, domin ɗan da ya dawo da albashi shi ne rufin asirin gida.

Da an haifi Abdu Mumuni shekara goma kafin lokacinsa, da a nan hanyarsa ta tsaya. Sai dai Yaƙin Duniya na Biyu ya girgiza daular Faransa. An yi taron Barazabil a 1944, a 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma ba mazauna ƙasashen mallaka matsayin ƴan ƙasa. Bayan haka ne aka fara sassauta hanyar lise da ta bak ga ƴan Afirka, aka kuma ƙara yawan bursin karatu zuwa Faransa. Abdu Mumuni yana cikin rukunin farko da suka bi ta wannan ƴar ƙofa. Ya wuce lise Van Vollenhoven ta Dakar, ya ci bak, sannan a ƙarshen shekarun 1940 ya tafi birnin Faris, ya shiga azuzuwan share fage na lise Saint-Louis, wadda ta yi suna wajen horar da ɗaliban lissafi da kimiyya.

Wannan mataki yana nuna yadda zaɓin ɗalibi yake rataye da abubuwan da ba shi ya tsara su ba. Ƙwazonsa a Damagaram da Yamai nasa ne, amma dokar da ta ba shi damar zama jarrabawar bak a Faris aka yi ta, bayan gwagwarmayar ƴan majalisa da ƴan ƙwadago na Afirka. Haka abin yake har yau ga yaron da kwalejin garinsu ba ta da malamin fizik, ko wanda lise mafi kusa da shi ba ta buɗe ajin lissafi ba. Kafin a tambaye shi abin da yake so, an riga an zaɓar masa.

Faris: yarda da kai da ƙarfin abokai

Yawancin ɗaliban Afirka da suka isa Faransa a wancan zamani sun nufi shari'a, likitanci ko adabi. Dalilin a fili yake, domin lauya da likita suna da gurbi da ƙima a gida, kuma kowa ya taɓa ganin irinsu. Masanin fizik baƙar fata kuwa babu wanda ya taɓa gani, babu ma'aikatar da ke jiransa a Yamai, kuma aƙidar mulkin mallaka ta daɗe tana yaɗa cewa ɗan Afirka gwanin hadda ne da kwaikwayo, ba shi da kan zurfafa tunanin lissafi. Irin wannan magana idan ta daɗe tana shiga kunne takan zauna a zuciya, har yaro ya janye kafin ya gwada.

Abdu Mumuni ya gwada. Ya samu lisans ta kimiyyar fizik a jami'ar Faris a 1953, ya ƙara da takardar zurfafa karatu a 1954, sannan a 1956 ya ci gasar agiregasiyo. Wannan gasa ba kamar sauran jarrabawa take ba, domin guraben da za a ba su ƙidayayyu ne, kuma sai ɗan takara ya tsere wa ɗaruruwan ƴan Faransa a rubuce, sannan ya tsaya gaban alƙalai ya gabatar da darasi da gwaji. Shi ake lissafawa a matsayin ɗan baƙar Afirka mai amfani da Faransanci na farko da ya ci ta a fannin fizik. A shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ya ci tasa a fannin tarihi. Daga ranar, duk malamin da zai ce wa ɗan Nijar fizik ta fi ƙarfinsa, akwai sunan da za a ba shi amsa da shi. Gani ya kori ji.

Bai yi wannan tafiya shi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, FEANF, a 1950, kuma yana cikin ƴan sahun farko na jam'iyyar PAI mai neman cikakken ƴancin kai, wadda aka kafa a garin Thiès na Sanagal a 1957. A cikin waɗannan ƙungiyoyi, karatu ya tashi daga zama hanyar neman abinci ta mutum ɗaya, ya koma nauyin al'umma. Tambayar da ke gabansu ita ce wa zai riƙe makarantu, asibitoci, ma'adinai da wutar lantarki ranar da Turawa suka tafi. Ɗalibin da ke fama da lissafi mai wuya cikin sanyin Faris, nesa da gida, yana da dalilin jurewa wanda ya fi albashi girma, kuma yana da abokan da suke kallon nasararsa a matsayin tasu.

Gine da jarrabawar aƙida

Mai agiregasiyo yana da tabbacin aiki da albashin ma'aikacin Faransa har ritaya. Abdu Mumuni ya koma Dakar, ya koyar a lise ɗin da ya yi karatu. Ba a jima ba aka zo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga watan Satumba na 1958. A Nijar, Sawaba ta Jibo Bakari ta yi kiran a ƙi tayin Janar de Gaulle, ba ta yi nasara ba. Gine ta Seku Ture ce kaɗai ta ƙi, Faransa kuwa ta rama ta hanyar kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin ƴan makonni, aka bar azuzuwa babu masu koyarwa.

Wasu matasan masana na Afirka suka ajiye guraben da suke da su suka tafi cike giɓin. Ki-Zerbo ya tafi, mawaƙi David Diop ya tafi, Abdu Mumuni ma ya tafi, ya koyar a lise ta Donka da ke Konakiri. Ya sayar da tabbas ya sayi kasada, domin a ganinsa ilimin da ya ɗebo ba shi da wata ma'ana idan bai tsaya wa ƙasar Afirka da ta zaɓi ƴanci ba. Bayan Gine ya koyar a Yamai na wani lokaci, kafin hanya ta sake fitar da shi waje.

Dalilin zaɓen rana

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya shafe kimanin shekara biyu yana nazarin makamashin rana a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar. Zamani ne da idon duniya yake kan nukiliya da sararin samaniya: an harba tauraron Sputnik a 1957, Gagarin ya kewaya duniya a 1961. Matashin da ke neman suna a fizik can zai nufa. Makamashin rana kuwa ƙaramin fanni ne a lokacin, ga man fetur da araha, ba mai ganin dalilin wahala da madubai.

Shi ya duba abin da ƙasarsa take da shi. Nijar ba ta da teku, ba ta da layin dogo mai kawo gawayi, kuma a lokacin kowace litar mai sai ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu daga gaɓa kafin ta iso Yamai. Girki da icce ake yi, daji yana ja da baya, mata suna ƙara nisa wajen neman makamashi. A gefe guda, kowane murabba'in mita na ƙasar Nijar yana karɓar abin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a yini. Abin da manomi yake kuka da shi a watan Afrilu, shi Abdu Mumuni ya ɗauka a matsayin dukiya. A 1964 ya buga maƙala a mujallar Présence Africaine a kan makamashin rana a ƙasashen Afirka, shekara tara kafin rikicin man fetur na 1973 ya tilasta wa manyan ƙasashe su waiwayi fannin.

A shekarar 1964 ɗin ce ya sauka Bamako, a zamanin Modibo Kaita, ya koyar a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali, wanda ya jagoranta har 1969. A tsakanin nan, a 1967, ya kare kundin babban digirinsa na dakta a jami'ar Faris, a kan yadda hasken rana yake taruwa ya rarrabu a cibiyar madubi mai siffar kwano.

Littafin 1964 da maganar harshe

Abin da ya bambanta shi da sauran masana fizik shi ne bai ɗauki nasararsa a matsayin hujjar cewa tsarin da ya fito daga cikinsa yana da kyau ba. A 1964 kamfanin Maspero na Faris ya buga littafinsa L'éducation en Afrique, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968, Présence Africaine kuma ta sake bugawa a 1998. A cikinsa ya fara da tarbiyyar gargajiya, ya nuna cewa al'umma ce gaba ɗaya take ɗaukar nauyinta, tana haɗe da rayuwa da aiki, tana gina jiki da hali da sana'a tare, kuma tana tafiya mataki-mataki daidai da shekarun yaro. Bai ɓoye gazawarta ba. Sannan ya warware makarantar mulkin mallaka, ya nuna manufarta ta samar da ƴan taimako, ya kuma yi gargaɗin cewa sababbin ƙasashe sun gaji ginin ba tare da sun canza tubalinsa ba. Shawarwarinsa sun haɗa da yaƙi da jahilci a tsakanin manya, ba da ƙarfi ga ilimin kimiyya da fasaha, haɗa makaranta da aikin samar da abin masarufi, da kuma koyarwa cikin harsunan Afirka.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafar ɗaliban ilimin harsuna. Yaron ƙasar Hausa yana zuwa makaranta da kimiyya a idonsa. Ya ga tulu yana sanyaya ruwa cikin zafin bazara, ya ga maƙeri yana ƙara wa wuta ƙarfi da zuga-zugi, ya ga tsumman da aka tsamo daga marina yana fitowa kore sannan ya koma shuɗi idan iska ta buge shi, ya ga majemi yana aiki da bagaruwa, ya ga rana tana busar da kilishi. Idan darasin farko na kimiyya ya zo masa cikin harshen da bai gama ji ba, sai ya ɗauki kaya biyu a lokaci guda, na harshe da na ma'ana. Abin da ya fi sauƙi a gare shi shi ne ya haddace jimlar malam, ya mayar da ita ranar jarrabawa. Tulun gidansu da darasin tururi ba sa taɓa haɗuwa a kansa. Da lissafi ya fara zurfi, hadda ta kasa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kan kimiyya, alhali harshe ne ya tare shi a bakin ƙofa.

Gyaran wannan ba ya yiwuwa da kyakkyawar niyya kawai, domin akwai aikin ƙirƙiro kalmomi da tsayar da ma'anarsu. Kalmar ƙarfi a maganar yau da kullum tana ɗaukar abin da fizik ta raba uku, wanda Faransanci yake kira force da énergie da puissance. Kalmar zafi tana nufin chaleur, tana nufin température, tana kuma nufin raɗaɗin ciwo. Nauyi yana tsaya wa masse da poids gaba ɗaya. Wannan ba naƙasar Hausa ba ce, domin Faransancin kasuwa ma yana cakuɗa su, masana ne suka zauna suka ware wa kowace kalma iyakarta. Irin wannan zama shi Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa suke buƙata, kuma zama ne da ba ya cika sai masanin fizik da masanin harshe sun haɗu a tabarma ɗaya. An fara aza harsashinsa a taron UNESCO na Bamako a 1966, inda aka daidaita haruffan rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamashek da Mandinko, sannan a 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Komawa gida: shekarun ONERSOL

A 1969 ya dawo Nijar ya karɓi jagorancin ofishin makamashin rana, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Dawowarsa ta zo daidai da babban farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, da kuma fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Hankalin hukuma da kuɗinta sun fi karkata ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa ya ci gaba da aiki a kan abin da ke sauka daga sama.

Bai yarda bincike ya tsaya a takarda ba. Ofishin yana da sashen bincike da kuma maƙera, inda ma'aikata ƴan ƙasa suke ƙera na'urori. Akwai na'urar ɗumama ruwa, wadda farantin ƙarfe ne da aka shafe da baƙi, aka rufe da gilashi, bututu yana bi ta cikinsa. Ruwan da ya yi zafi yakan yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba tare da famfo ko lantarki ba. Akwai murhun rana, mai tara haske da madubi a gindin tukunya. Akwai na'urar tace ruwa, wadda rana take mayar da shi tururi ya taru a jikin gilashi ya gangaro da tsabta. Akwai ta busar da amfanin gona. An kuma yi aikin injin da zafin rana ke juyawa, tare da kamfanin Spilling na Jamus.

Ba duka ne suka karɓu ba. Na'urar ɗumama ruwa ta hau rufin gidaje da ma'aikatu a Yamai, murhun rana kuwa bai shiga madafar talaka ba. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mai murhun duwatsu uku, yana buƙatar mai girki ta tsaya cikin rana tsaka tana juya madubi, ga shi tuwon dare bayan la'asar ake ɗora shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Wannan ma darasi ne da ya dace da abin da ya rubuta a 1964: fasahar da ba ta san al'adar masu amfani da ita ba takan tsaya a farfajiyar ofis. Injiniya yana buƙatar wanda ya san yadda mutane suke rayuwa da yadda suke magana, kamar yadda su ma suke buƙatarsa.

Malami da shugaban jami'a

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, ƙarƙashin masanin lissafi Bubakar Ba. Abdu Mumuni ya koyar da fizik a tsangayar kimiyya, sannan a 1979, zamanin mulkin Saini Kunce, aka naɗa shi shugaban jami'ar, ya riƙe ta zuwa farkon shekarun 1980. Wanda ya gaje shi, Abdu Hamani, masanin harshe ne da ya yi nazarin nahawun Zabarmanci. Hukumomin duniya, ciki har da UNESCO, sun riƙa neman shawararsa a kan makamashin rana.

Ga ɗalibin da ya shigo tsangayar kimiyya a waɗannan shekaru, babban abin shi ne wanda ke tsaye gaban allo. Mutum ne da aka haifa a Tasawa, ya zauna a bencin lakwal a Damagaram, ya sha ƙurar hunturu irin wadda ɗalibin ya sha, kuma ga shi Turawa suna zuwa neman iliminsa. Abin da Abdu Mumuni ya rasa yana yaro, wato wanda zai kalla ya ce ashe irina yana iyawa, shi ya zama ga na bayansa.

Rasuwa da abin da ya bari

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61, aka yi masa makwanci a Kirtashi. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa, kuma duk ranar 7 ga Afrilu ana tunawa da shi a ƙasar. Rana da ya yi wa hidima ta fara biya: an buɗe tashar lantarki mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Goru Banda a 2023, ga kuma farantan da ke cajin waya da jawo ruwa a ƙauyukan da layin lantarki bai kai ba. Mafi yawan waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, abin da ke nuna cewa burinsa na a ƙera a gida bai cika ba tukuna.

Ƙofofin da aka rufe wa tsararrakinsa sun ƙaru ƙwarai. Tun 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da jami'o'insu, ta Maraɗi ma tana ɗauke da sunan wani masanin kimiyyar, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Amma abubuwan da suke karkatar da zaɓin ɗalibi suna nan yadda suke. Akwai uban da ke son ɗansa ya bi gajeriyar hanya zuwa albashi, da yayan da ke tsorata ƙanensa da wuyar ajin lissafi, da yarinyar da aka gaya wa tun tana kwaleji cewa injiniyanci aikin maza ne, da lise ɗin da ɗalibanta suke gama karatu ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. A ƙarƙashin duka akwai yaron aji ɗaya da ke jin darasin ƙidaya cikin harshen da ba a yi masa magana da shi a gida. Abdu Mumuni ya tsallake duk waɗannan shingaye, sannan ya waiwayo ya rubuta littafi don a rushe su. Kashin da ya shafi harshe a cikin wannan aiki, wato tsayar da kalmomi, rubuta littattafan aji da horar da malaman da za su koyar da su, yana hannun waɗanda ke karatun ilimin harsuna a jami'ar da ke ɗauke da sunansa da sauran jami'o'in ƙasar.